Shekarar da 'Yata Ta Ƙi Dambu

Shekarar da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Roni zuwa Kazaure, babbar 'yata tana shirin shiga aji huɗu na firamare. 'Yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta, kuma ban saba zama ina doguwar hira da ita kamar yadda nake yi da ƙannenta ba. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu a Gwiwa. In ina son wani abu a wurinta sai in ce "ke", ta kuwa san da ita nake. Wannan ya sa abubuwa da yawa da suka shafe ta a bakin wasu nake fara jin su.

A Roni ba mu taɓa samun matsala da ita a kan abinci ba. Makarantar tana bayan layinmu, yaran kuma kusan duk 'ya'yan manoma ne. In an fita tara, wannan ya kwance ledar dafaffiyar gyaɗa, wannan rogo da ƙuli, wani ma ɗumamen tuwo ne a ƙaramin kwano, kowa ya ci abinsa. Ita dambu take so. Da asuba nakan ɗora madambaci, in turara tsakin masara da zogale da albasa, in zuba ɗan mai da garin ƙuli, in cika mata wata ƙaramar kula. Zogalen daga Gwiwa mahaifiyata take aiko mini, na bayan ɗakinta, wanda take shanyawa a inuwa don kada ya yi fari. Kullum kular a wanke tas take dawowa, wani lokaci ma yarinyar ta ce in ƙara mata saboda ƙawayenta suna sa hannu.

Da muka koma Kazaure, muka kama haya a wata unguwa da ke kan hanyar dam. Makarantar da aka sa ta babba ce, akwai 'ya'yan manyan ma'aikata da na 'yan kasuwar gari. A bakin ƙofa kuwa masu talla ne jere da farantai: biskit, alawa iri-iri, cingam, da wata ƙanƙara a leda mai rina harshe ja. Ban kawo komai a raina ba. Na ci gaba da turara dambuna da asuba, kular kuma ta ci gaba da dawowa babu komai a ciki.

Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce mai kiwon awaki, tana ɗaure su a wani ɗan fili tsakanin gidanta da namu. Wata rana da la'asar ta shigo aron rariya, muka gaisa, har ta juya za ta fita sai ta tsaya.

"Af, ban ma yi miki godiya ba," in ji ta. "Allah ya saka da alheri. Akuyata har ta gane tafiyar yarinyar nan, tun daga nesa take miƙewa."

Na ce, "Godiyar me, Baba?"

"Dambun da kike aiko musu mana. Kullum in ta taso daga makaranta sai ta tsaya ta juye musu. Na ce wannan baiwar Allah da kirki take, dambu har da mai da ƙuli."

Na yi dariya tare da ita, na raka ta ƙofa. Da na dawo tsakar gida sai na zauna a kan turmi na daɗe ban motsa ba. Ba asarar abincin ce ta fi damuna ba. Na tuna yadda yarinyar take dawowa idonta ya faɗa, ta afka wa abincin rana kamar wadda ta yi azumi, ni kuma ina cewa girma ne ya zo.

Da ta dawo daga Islamiyya na ce, "Ke, zo nan. Dambun da nake zuba miki, wa yake ci?"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta. Sai da mahaifinta ya dawo, ya zaunar da ita kusa da shi a kan tabarma, ya lallaɓa ta, sannan ta buɗe baki. Ina daga bakin murhu ina ji.

"Abba, sun ce abincin 'yan ƙauye ne. In na buɗe kular sai su toshe hanci. Sun ce warin zogale nake yi."

"Su wa?"

"'Yan ajinmu. Akwai wata da take zama a bencin gaba, in ta faɗi abu kowa sai ya bi."

Na taso na zo, na fara yi mata bayani. Na ce zogale yana ƙara jini, yana gyara ido, abin da suke saya a bakin ƙofa kuwa sukari ne da kala kawai. Na yi ta magana. Da na gama ta ɗago kai a hankali ta ce, "Umma, na sani. Malama ma ta koya mana a darasin kiwon lafiya. Ni ce na zo ta ɗaya a gwajin."

Duk abin da zan faɗa mata ta riga ta haddace shi, har ta rubuta a takarda an ba ta maki. Saninta bai hana ta zama da yunwa tun safe har azahar ba, don dai kada yara su toshe hanci. Mahaifinta ya ce tunda haka ne gara a riƙa ba ta kuɗin tara, ko ba komai ta sa wani abu a cikinta. Ban so ba, amma ban ga wata hanya ba. Na ɗaga kular na ajiye a saman kabad.

Haka muka yi wata da watanni. Takan dawo harshenta ja, aljihun jakarta cike da ledojin alawa. Ta samu shiga cikin 'yan bencin gaba, ko in ce gefensu, domin daga baya na gane cewa ita ce mai riƙe musu jaka in za su yi wasa. A gida kuwa ta zama mai saurin fushi, ga yawan ciwon kai, wani lokaci barci ya kwashe ta kafin lokacin Islamiyya. Asuwakin da ta saba yi tare da mahaifinta da safe ma ta daina, wai na tsofaffi ne. Buroshin da aka saya mata kuwa sai ta goga sama-sama ta fice.

Ana cikin haka haƙori ya kama ta. Da farko ɓoyewa ta yi, sai na lura da gefe ɗaya take tauna. Na sa mata kanumfari, ya lafa, ya sake dawowa da ƙarfi, har ta kai ba ta iya shan ruwan randa. Ni na kai ta asibiti. Likitan haƙori ya duba ya ce mataunin ya yi kogo har ƙasa, sai dai a cire, amma mu gode Allah na yarinta ne, wani zai fito. Da ta ga allura ta riƙe zanena da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama. Aka cire, aka cusa mata auduga. Likitan ya yi mata nasiha a kan kayan zaƙi da goge baki, ta gyaɗa kai hawaye na zuba.

Na ɗauka shi ke nan, wahala ta yi mini aikin da bakina ya kasa. Ashe da saura. Alawa kam ta daina, tsoron allura ya raba ta da ita, ta kuma koma goge baki da kyau safe da dare. Amma da na sauko da kular sai ta girgiza kai. Ta gwammace ta sha koko da safe ta tafi, ta zauna haka har a tashi. Tunda kuma ta daina sayen abin da suke saya, 'yan bencin gaban suka daina nemanta. Ta zama ba ta nan ba ta can.

A cikin wannan hali mahaifiyata ta zo daga Gwiwa ganin likitan ido, ta yi mana kwanaki. Tsakaninta da jikarta akwai wasa sosai, kullum suna tsokanar juna. Na ba ta labarin komai ina ƙorafi. Ta saurare ni tana gyaran wake a faifai, sannan ta ce, "Ke dai ba ki gane ba. Ba dambun ne ba ta so ba. Zama ita kaɗai ne ba ta so."

Da yamma ta kira yarinyar ta zo ta tsefe mata kai. Ina ɗaki ina ninke kaya, taga a buɗe.

"Wai duk ajin naku babu mai cin abincin gida?" in ji tsohuwar. "Duk 'ya'yan kanti ne?"

Yarinyar ta yi dariya. "Akwai wata. 'Yar Fulani ce, daga ruga take zuwa, yayanta ne yake kawo ta a babur. Fura take kawowa a gora."

"A ina take sha?"

"Bayan aji, ƙarƙashin darbejiya."

"Ita da wa?"

"Ita kaɗai."

"Ita ba a ce mata 'yar ƙauye?"

"Ai ta fi ni shan tsokana, Hajiya. Har waƙa suke yi mata."

"Ta daina kawowa?"

"A'a."

Tsohuwar ta ce, "Hmm," ta ce a ja mata nan gefen a hankali, ta shiga wata hirar daban. Ni a ɗaki na so ta ƙarasa, ta ce mata to ki je ki zauna da ita mana. Ba ta faɗa ba. Har ta koma Gwiwa ba ta sake tayar da maganar ba.

Bayan tafiyarta ba da jimawa ba, wata safiya ina dama koko sai na ga yarinyar a tsaye a bakin ƙofar kicin da kayan makarantarta. Ta daɗe tana tsaye.

"Umma, akwai tsaki?"

Na ce akwai.

"Gobe in kin yi dambu ki zuba mini. Ki sa cokali biyu."

Na ce to, ban ko juyo ba, don kada ta ga fuskata. Washegari tun kafin kiran sallah na ɗora madambaci. Na yanka albasa fiye da yadda na saba, na zaɓi ƙuli mai kyau na daka. Da ta dawo, kular a wanke take, kuma ba ta afka wa abincin rana ba. Da na buɗe murfin na ji ƙamshin nono.

Na so in gani da idona, amma ba na so ta san ina bibiyarta. Dama ta samu ranar da na kai ƙaninta rigakafi a wani ƙaramin asibiti da ke kusa da makarantar. Muna fitowa aka kaɗa ƙararrawar tara. Katangar bayan makarantar gajeriya ce, akwai inda ta zube, sai na tsaya daga nesa da goyona kamar mai jiran abin hawa.

Na hango su. 'Yar rugar siririya ce doguwa, hijabinta ya yi mata gajarta. Ta ɗauko wata ƙaramar buta ta zuba wa 'yata ruwa ta wanke hannu, 'yata ta karɓa ta zuba mata. Suka zauna a kan saiwar bishiyar, kular a tsakiya, gorar furar a gefe. Suna cikin ci sai ga wasu yara mata sun biyo ta wajen, a gabansu wata 'yar gajeriya mai sabon takalmi. Ba sai an gaya mini ko wace ce ba. Suka toshe hanci, ɗaya ta yi kukan akuya, suka kwashe da dariya.

Zuciyata ta yi zafi, saura kaɗan in tsallaka katangar. 'Yar rugar ko kallonsu ba ta yi ba. 'Yata kuwa na ga hannunta ya tsaya da cokali a sama, kanta a sunkuye. Na ce a raina yanzu za ta rufe kular. Ta ɗan jima a haka, sannan ta kai cokalin baki. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta sake ɗebowa. Yaran suka gaji da tsayuwa suka wuce.

Na gyara goyona na kama hanyar gida a ƙafa, ko ɗan acaba ban tsayar ba. A hanya na yi ta share ido da gefen mayafi. Na san girman abin da ta yi, domin na san 'yata: yarinya ce da ko baƙo ya yi mata kallo sau biyu sai ta ɓuya a bayan ƙofa.

Abin da ya biyo baya a bakin malamar ajinsu na ji shi. Mun haɗu a gidan suna a unguwarmu, ta gane ni, ta jawo ni gefe muka zauna.

"Maman yarinyata," in ji ta, "kin san abin da 'yarki ta yi kuwa?"

Na ce Allah ya sa lafiya.

Ta ce lafiya ƙalau. Wai yarinyar nan ta bencin gaba ita ma haƙori ya kama ta, nata har ya fi tsanani, kumatunta ya kumbura gefe ɗaya kamar ta cusa lemo. Iyayenta sun so kai ta asibiti, ta yi ta birgima tana ihu saboda tsoro, suka ce a bari kumburin ya sauka. Ta zo makaranta a haka. Yaran da suka saba bin ta suna dariyar wasu, su ne suka fara yi mata dariya. Suka sa mata suna mai balan-balan. Da aka fita tara ba ta fita ba, ta kifa kanta a kan benci.

Malamar tana zaune a cikin aji, can baya, tana duba aikin yara, sai ta ji muryoyi daga taga, domin darbejiyar tana dab da ita. 'Yata ce take cewa ƙawarta ta zuba mata fura a murfin gora.

"Wa za ki kai wa?" in ji 'yar rugar.

"Waccan. Ba za ta iya tauna komai ba."

"Ita ce fa ta ce muna wari."

"Na sani. Ke ba ki taɓa ciwon haƙori ba ne."

Sai malamar ta ji ƙarar zuba fura. 'Yata ta shigo ajin riƙe da murfin da hannu biyu don kada ya zube, ta tsaya a gaban bencin. Yarinyar ta ɗago, ta ga ko wace ce, ta ce, "Ki tafi ki ba ni wuri."

'Yata ba ta tafi ba. Ta ce mata, "Ni ma an cire mini. Allurar ce kawai take da zafi, ita ma kaɗan, kamar cizon tururuwa. Daga nan ba za ki ji komai ba sai dai ki ji ana ja. Duba ki gani." Ta buɗe baki ta nuna mata gurbin, inda sabon haƙori ya fara leƙowa. Ta ajiye murfin a gefen benci ta ce, "Ba sanyi sosai, ba zai taɓa miki haƙorin ba." Ta fita.

Malamar ta ce ita dai ta yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da jan biro. Can sai ta ga yarinyar ta waiga hagu da dama, ta ɗauki murfin, ta karkata kai gefen da ba ya ciwo, ta shanye tas.

"Wallahi na shekara da shekaru ina koyar da kiwon lafiya," in ji malamar. "Ina zana musu abinci mai gina jiki a allo, su haddace, su ci jarrabawa, a fita tara su ruga wajen alawa. Sai a kan yaran nan na lura cewa abin da yaro zai ci ya danganta da wanda zai zauna kusa da shi."

Na ce, "Ai tarbiyyarku ce, Malama." Ta yi dariya ta ce in daina ba ta abin da ba nata ba.

Ba zan ce komai ya canja a makarantar ba. An kai 'yar bencin gaban asibiti an yi mata aiki, ta warke, ta koma cikin ƙawayenta. Ba ta zama aminiyar 'yata ba, gaisawa kawai suke yi. Amma toshe hanci ya tsaya, tunda mai fara shi ta daina. Da tsokanar ta mutu sai ga shi ashe akwai yara da dama da suke ɓoye abincin gida a jaka, wasu su ci a hanya, wasu su mayar. A hankali suka fara fitowa da shi ƙarƙashin darbejiyar. Wata ta zo da ɗanwake, wata wake da shinkafa, wata dafaffen dankali da yaji. Malamar ma wani lokaci takan ɗauko kwanonta ta zauna a gefensu, kuma ita ta sa aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a gindin bishiyar, domin butar 'yar rugar ta yi musu kaɗan. Masu talla suna nan a bakin ƙofa, suna kuma ciniki. 'Yata kanta takan sayi alawa jefi-jefi, sai dai ta kurkure baki bayan ta sha. Kular kuwa ta yi mana ƙanƙanta, sai da na sayi babba, domin masu sa hannu sun yi yawa. Ciwon kan ya tafi, kumatunta suka dawo.

Duk wannan lokacin, a raina 'yar rugar nake ba wa girman. Ina ganin ita ce mai ƙarfin zuciyar da ba ta damu da maganar kowa ba, 'yata kuma ta raɓu da ita ta samu ƙarfi. Shi ya sa da aka yi hutu bayan kaka na ce lallai sai na je na ga mahaifiyarta na yi mata godiya. Maigidana ya amince. Na ɗaure sabulu da turmin atamfa da ledar busasshen zogale, muka hau acaba ni da yarinyar.

Rugar tana kan hanyar Roni, a sauka daga titi a bi ta bayan duwatsu. An gama girbi, karan dawa a tsaye a gonaki, shanu suna kiwo a ciki. Gidajen kaɗan ne, wasu na kara wasu na ƙasa da rufin kwano, ga rumbuna cike da gero, domin mutanen suna noma suna kiwo. Tun daga nesa ƙawar ta hango mu ta rugo da gudu. Suka kama hannun juna suka ɓace wajen maruƙa.

Mahaifiyarta ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, ta kawo fura a sabuwar ƙwarya da ludayi. Mace ce mai sanyin magana, Hausarta da ɗan karin Fulatanci. Muka gaisa, muka tambayi gida da dabbobi. Da na sha furar na fara abin da ya kawo ni. Na ce na zo godiya ne, domin 'yarta ta yi wa tawa abin da ni uwarta na kasa, ta nuna mata yadda mutum zai ci abincinsa ba tare da ya ji kunyar kowa ba.

Matar ta dube ni da mamaki. Ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Wace ce ba ta jin kunya?" in ji ta. "Tawa? Hajiya, yarinyar nan kullum da kuka take hawa babur. Kullum. Sai ta riƙe ƙofa yayanta yana jan ta. Furar ma sau da yawa haka take dawo da ita, ta ɗan kurɓa kawai don yunwa, ta ce in tana sha suna kallonta maƙogwaronta rufewa yake yi."

Na ce, "Amma an ce ko kallonsu ba ta yi."

"Ai don kada su ga hawayenta ne. Babanta ya riga ya yanke magana, ya ce in an yi hutun nan ba za ta koma ba, ta zauna ta taimaka mini da tatsa, tunda karatun ya zama azaba. Ni ban so ba, don tana da kai, amma ban iya ganin kukan nan. Sai wata rana ta dawo tana ta surutu, wai wata ta zo ta zauna kusa da ita, wai ta ci dambu mai ƙuli. Washegari ita ta riga yayanta fita. Tun daga ranar ban sake ganin ta yi kukan makaranta ba. Da babanta ya ga haka ya ce to a bar ta ta ci gaba." Sannan ta ce, "Ni ce ya kamata in zo gidanki. Nauyi ne ya hana ni, ban san yadda za a karɓe ni a cikin gari ba."

Na zauna riƙe da ludayi na kasa ɗaga shi. Na juya na dubi wajen garken. 'Yata ta tsuguna a gindin wata farar saniya, ƙwarya a tsakanin gwiwoyinta, tana ta jan nono ba abin da yake fitowa, ƙawarta ta riƙe ciki tana dariya tana gyara mata yatsu. Yarinyar da nake ganin ta je neman mafaka, ashe ita ma mafaka ta kai. Ban taɓa jin alfahari da wani abu nawa kamar yadda na ji a wannan inuwar rumbun ba.

Muka daɗe muna hira da matar. Ta tambaye ni yadda ake turara dambu kada ya caɓe, na tambaye ta yadda take yi furarta take yin laushi haka. Da rana ta yi sanyi na ce za mu tafi. Yaran suka zo suka tsaya a gabanmu suna kallon juna, kowace tana tura ɗaya ta yi magana. Matar ce ta faɗa a madadinsu: wai suna so a bar baƙuwar ta kwana biyu.

'Yata ba ta taɓa kwana a wani gida ba in ba na kakarta ba. Na kira mahaifinta a waya, na ɗan matsa gefe na ba shi labarin abin da na ji a taƙaice. Ya ce a bar ta, shi da kansa zai zo ɗaukar ta don ya gaisa da maigidan. Matar ta cika mini kwalba da man shanu, ta raka ni har bakin hanya inda ɗan acaban yake jira. Da muka tashi na waiwaya, yaran biyu sun riga sun juya, suna kora maruƙa zuwa wajen ruwa.